Hannun Don Evaristo

A Taganga, wani ƙauyen masunta a bakin teku, babu mai nutso da bai taɓa kai wa Don Evaristo kayansa ba. Tun da gwiwa ta hana shi shiga teku ya koma zaman baranda, yana gyara wa mutane bututun rigar iska, ladansa kifi ko karan taba. Rigar ita ke riƙe mutum a tsakiyar ruwa. In ya danna maɓalli, iska ta shigo daga tukunyar iskar da ke goye a bayansa ya ɗaga. In ya saki iskar, ya yi ƙasa. Idan kuwa maɓallin ya maƙale, rigar ta cika ta harba shi sama kafin jininsa ya shirya, to sai dai a ɗauko shi.

'Yarsa Yuleidis, aikinta kai baƙi nutso a gindin duwatsun bakin gaɓa. Wata Lahadi da la'asar ta dawo daga kasuwa ta tarar ya kwance bututun rigarta, ya baza 'yan ƙarafunan a faranti, wasu na jiƙe cikin ruwan tsami.

"Baba, wa ya sa ka? Ai lafiyarsa ƙalau."

"Ƙalau a bakinki. Dubi gishirin nan, kamar an yi miya a ciki. Ke dai shiga ruwa kika iya, wanke kaya kuwa sai a yi shiru."

Ta yi dariya ta zauna a gefensa. Hannunsa na nan yadda ta san shi tun tana ƙarama, ba rawa ba gaggawa. Ya goge tsatsa da tsohon buroshin haƙori, ya sauya zoben roba, ya shafa mai. Sai ya ɗauki ɗan sifirin, wato murɗaɗɗen ƙarfen da ke mayar da maɓalli, ya tsaya yana kallonsa, kamar wani ne ya ba shi ajiya.

"Nubia, an ɗaure kwale-kwalen kuwa?"

Nubia mahaifiyarta ce, ta daɗe a kabari, kwale-kwalen ma an sayar tuni. Ba wannan ne karon farko ba. Kwanaki ya zuba gishiri a kofi maimakon sukari, ya shanye bai ma lura ba. Ita da ƙanenta Dairo, wanda shi ma nutso yake yi, kullum cewa suke tsufa ne kawai.

"An ɗaure, Baba," ta ce, ta tashi ta shiga juya ayabar da ke kan wuta.

Kafin ta fito ya harhaɗa komai. Ya jona da tukunya ya danna, iska ta yi huci ta tsaya.

"Kin ji ko?"

Ta ji. Zuciyarta ta ce ta kai shagon kayan nutso a sake buɗewa, amma ta dubi yadda yake murmushi yana goge hannu, sai ta rataye rigar.

Washegari tana can ƙasa, inda shuɗin ruwa yake fara duhu, baƙi biyu na biye da ita, ta ɗan taɓa maɓallin. Hucin bai tsaya ba. Rigar ta kumbura ta matse mata haƙarƙari, duwatsu suka fara gudu ƙasa. Ta ja igiyar sakin iska, amma mai shiga ta fi mai fita. Ta kai hannu ta cafki gefen dutse, ya yanke mata tafi, ƙafafunta suka yi sama. Da ɗaya hannun ta yi ta lalube har ta fizge tiyon da ke kawo iska daga bututun. Ta daɗe maƙale a wurin, sannan ta yi wa baƙin alama suka hau a hankali.

A cikin jirgi, direbansu Wilfrido ya kwance bututun da bakin wuƙa. Babu sifirin a ciki, man da aka cika ne ya riƙe maɓallin jiya.

"Wane mahaukaci ne ya haɗa miki wannan?"

Ta ɗaure tafinta da ƙyalle, suna isa gaɓa ta nufi gida.

Ta iske Baban a baranda yana shan mangwaro, faranti da buroshi a gabansa, a jiƙe.

"Na wa ka gyara?"

"Na Dairo mana. Yanzun nan ya ɗauka."

Ta zura da gudu har bakin teku, jini na ɗiga daga ƙyallen hannunta. Allah ya sa injin jirgin su Dairo ya ƙi tashi, suna tsaye suna zaginsa. Ta ƙwace rigar daga kafaɗarsa, suka buɗe a kan yashi. Zoben roba ɗaya ne a inda ya kamata a sa biyu.

Da yamma suka kwashe kayan aikin cikin kwali za su kai gidan gwaggonsu. Tsohon bai yi gardama ba, yana dai bin kowane ƙarfe da ido. Sai da Dairo ya ɗaga kwalin ya ce:

"To in dogon mutumin nan ya dawo fa?"

"Wane mutum, Baba?"

"Mai jar hula. Riga biyu ya kawo, tasa da ta matarsa. Na gama masa, har ya yi ta godiya."

"Yaushe?"

Ya juya ƙwallon mangwaron a hannunsa. "Kun san shi mana. Sunansa na bakina."

Yuleidis ta bi shagunan nutso ɗaya bayan ɗaya, ta bi masunta, ta tambayi masu ɗakunan haya. Babu wanda ya san dogo mai jar hula. Dairo ya ce wataƙila mutumin tun zamanin mahaifiyarsu ya zo. Wataƙila, in ji ta.

Hannunta ya warke, ta koma aiki. Amma kowace safiya sai ta riga kowa zuwa bakin ruwa, ta bi jiragen da ke shirin fita tana danna maɓallin kowace riga, tana kasa kunne. Wasu suna mata tsiya, wasu suna miƙo nasu. Jiragen da ke tashi daga sauran gaɓoɓi kuwa, sai dai ta hango su daga nesa suna wucewa.