Rigar Sanyin Khala Dela

"Ja mini zif ɗin har wuya, Zubaidatu," in ji Khala Dela. "Ina so in ji ko ana iya numfashi a cikinta."

Na ja. Watan Agusta ne a unguwar Nuzla ta Jidda, bayan azahar, na'urar sanyaya ɗakinta sai gurnani take yi ba abin da take sanyayawa. Ga tsohuwa mai shekara saba'in da uku tsaye a tsakar ɗaki cikin wata jibgegiyar rigar sanyi ja mai hula, gumi na bin wuyanta. Na yi dariya har sai da na dafa bango.

"Yi dariyarki," ta ce. "Ranar da zan turo miki hotona cikin ƙanƙara, ke kina nan kina fifita da kwali."

Da safen ranar muka samo rigar a kasuwar gwanjo ta kudancin Jidda. Mai rumfar ya ce shekara biyu tana rataye ba wanda ya ko taya. Khala ta ce masa ai ita take jira.

Bango ɗaya ne tsakanin ɗakinmu da nata, tun ina amarya, shekara ashirin da shida ke nan. Iyayenta Hausawan Sudan ne, suka zo aikin hajji da ita a goye ba su koma ba. Ta yi shekara talatin tana girki a wani gida a unguwar Ruwais, mutanen gidan ne har yanzu suke sabunta mata iƙama, takardar izinin zama. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗa guda Allah ya bar mata, Rafi'u. Direba ne a unguwar Abhur, suka saɓa da kafilinsa, ubangidan da iƙamarsa ke hannunsa, kafilin ya kai ƙara wai ya gudu. Aka kama shi, aka ɗauki hoton yatsunsa, aka ɗora shi a jirgi zuwa Khartoum, garin da bai taɓa takawa ba. Daga can ya bi hamada, ya bi teku. Sai bayan shekara guda ya kira, daga wani gari can arewacin Suwidin. A can ya auri Latifatu, suka haifi Rana, kwanan nan kuma Muath.

Kowace Juma'a bayan la'asar yake kira, ni ce mai riƙe wayar, don hannun Khala na rawa, kuma sai ta danna ja inda ake danna kore. Saboda haka na san gidan nan nasu fiye da gidan ƙanwata da ke nan Jidda. Na san tulin takalman da ke bakin ƙofa. Na san ɗakin wanki na ƙasan bene, wanda sai ka rubuta sunanka tun mako guda, in ka makara da minti goma maƙwabci ya shige. Na san cewa da sanyi rana kan faɗi tun ƙarfe biyu, Latifatu ta rasa lokacin da za ta raba la'asar da magariba. Ranar da Khala ta ga an kwantar da Muath a keken jarirai a baranda, cikin sanyi, wai haka ake yi a can, sai da ta kusa shigewa cikin wayar.

"Ku shigo mini da miji, kashe shi za ku yi? Bari in zo, duk wannan shirmen zai ƙare."

Rafi'u a gidan tsofaffi yake aiki. Yana yi musu wanka, yana ba su abinci a baki, yana yanke musu farce. Khala ba ta da labarin da ya fi wannan. Duk wadda ta shigo sai ta ji cewa Allah ne ya kai shi can ya koyi riƙon tsoho kafin nasa tsohon ya iso.

Kuma ba ta taɓa barin a kashe waya ba sai ta ce, "Allah ya yi maka albarka, Rafi'u." Shi ma ba ya kashewa sai ya ji. Akwai ranar da layi ya katse kafin ta faɗa, ya sake kira daga cikin bas, yana haki, don wannan kaɗai.

Maganar zuwanta kuwa kullum amsa ɗaya ce. "Takardu suna tafiya, Inna. Mutanen nan akwai jan ƙafa." Sau biyu na kai ta ofishin jakadanci muka sabunta fasfo, ni ce mai tsayuwa a layi ita tana zaune a inuwa. Sau uku muka je gidan hoto, don ya ce hoton da ya wuce wata shida ba a karɓa. Tana da jaka a ƙarƙashin gado cike da kuka da kuɓewa busasshiya da daddawa, in sun tsufa ta ba ni ta sake sabbi. Miyar gidana ta shekara takwas kusan duk daga guzurin Suwidin take.

Juma'a ta uku bayan sayen rigar, Rafi'u ya gaisa ya ce lokacin wankinsu ya yi, zai sauka ya dawo. Latifatu tana canja wa jariri. Aka bar wayar a hannun Rana, yarinya mai shekara bakwai, mai giɓi a baki. Tana jin Hausa sarai, amma in za ta yi sai ta haɗa da Larabci tana tsince-tsince. Habboba take ce wa kakarta, irin na mutanen Sudan.

"Habboba, shufi, kalli! Na yi a makaranta."

Ta ɗago takarda. Bishiya ce ta zana, kowane reshe da mutum. Ga Baba, ga Mama, ga ita, ga Muath kamar ƙwai. Can sama da bishiyar ta zana gajimare, a kansa wani tsoho da hula, kusa da shi wata mata cikin riga ja mai hula.

Khala ta matso da fuskarta. "Kai, ga rigata! Zubaidatu, kin ga rigata? To me ya kai ni sama, ƴar nan? A jirgi nake?"

"La, Habboba. Malama ta ce waɗanda suka mutu a sa su a sama."

"Wannan kakanki ne, Allah ya jiƙansa. Ni fa?"

Yarinyar ta waiga, ta rage murya kamar mai ba da alewa a ɓoye. "Baba ya ce a makaranta ke kin mutu. Tun zaman, tun da can, a yaƙi. Amma a waya ba ki mutu ba. Sirri ne."

Muka ji salatin Latifatu. Hoton ya juya, muka ga silin da fitila, sannan ya ɗauke.

Khala ta daɗe tana kallon baƙin gilashin. "Zubaidatu," ta ce, "wane yaƙi? Ni ban taɓa ganin yaƙi ba."

Na fita matakala na kira Rafi'u. Na san yaron nan tun yana satar mini ƙosai daga kasko, ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Ina jin injin wanki na juyawa a bayansa.

"Yaya, ki saurare ni. Wanda ya shirya mu kafin mu shiga ofishin neman mafaka ya ce duk mai uwa a Saudiyya mayar da shi ake yi. Ya ce ka ce daga ƙauye kake, an ƙone shi, ba ka da kowa. Kowa haka ya faɗa. Na sa hannu."

"Shekara tara ke nan. Takardun da suke tafiya fa?"



"Rafi'u, da kai nake."

"Babu takardu, Yaya. Ba a neman biza wa mamaci. In na ce tana raye, za su buɗe fayil ɗina tun daga farko. Rana a nan aka haife ta, ina zan kai ta? Ni kuma ba ni da shiga Jidda, yatsuna suna cikin na'urarsu."

"To me ya sa ka bar ta tana gyara ɗankwali gaban mai hoto?"

"Kowace Juma'a nakan ce yau zan faɗa mata. Sai ta fara lissafin abin da za ta dafa wa yara."

Na ce masa halas, ya isa, na kashe. Na zauna a matakalar na yi kuka, rabi don ita, rabi don kaina. Ni ma ai an mayar da ni sakarya, ina tsaye cikin rana da fasfon matar da aka riga aka binne a takarda.

Na faɗa mata duka, ban rage ba. Ba ta yi kuka ba. Ta ce in rataye rigar a ƙusan bayan ƙofa.

Juma'ar da ta biyo ya kira, ta ce in ɗauka. Ta yi wasa da Rana, ta yi wa Muath tawai, ta tambayi Latifatu ciwon bayanta. Da Rafi'u ya karɓa idanunsa sun kumbura.

"Inna, ki yafe mini."

"Ina wuni, Rafi'u. Ya aiki? Ya tsofaffinka?"

"Inna..."

"A gaishe su. Sai an jima."

Ta kau da kai. Shi kuma ya ƙi kashewa. Yana nan riƙe da waya yana jira, ni ina riƙe da tawa, har hannuna ya gaji. Haka aka yi Juma'a shida. Tun ina jin daɗin abin, don ni ma ina cike da shi, har ya fara ba ni tsoro. Ciwon sukarinta ya tashi, wani ƙurji a ƙafarta ya ƙi warkewa. Mijina Othman ya kai ta asibiti, ta kwana huɗu aka sallamo ta, ta dawo rabinta.

Wata safiya ina shafa mata man zafi na ce, "Khala, tsoro ne ya sa shi. Kin san abin da ya gani a hanya. Ki sa masa albarka, kar ki bar shi haka."

"Na san tsoro ne," ta ce. "Kina tsammani don ya ce na mutu nake fushi? Da ya kira ni tun ranar ya ce, Inna, sai na kashe ki a takarda za su bar ni, wallahi da ni zan gyara masa ƙaryar ta fi haka kyau. Ni na haife shi. In mutu sau goma ya zauna lafiya." Ta numfasa. "Amma ya bar ni ina ƙirga Juma'a. Na yi sallama da mutane, Zubaidatu. Na ba maƙwabciyarmu Maimuna tukwanena."

Na ci gaba da shafa ƙafar.

Ranar Laraba da hantsi ta ce in kawo wayar, za ta yi magana in ɗauka, amma kar in tura sai bayan ranta. Na tallafo kanta. Muryarta ta yi siriri.

"Rana, Habboba ce. Allah ya yi miki albarka, zanenki ya yi kyau. Muath, Allah ya raya ka, ya yi maka albarka. Latifatu, Allah ya yi miki albarka, ki riƙa sa wa yaron nan safa."

Sai ta tsaya. Ina riƙe da wayar dab da bakinta, ina kallon daƙiƙun suna tafiya. Na ga leɓɓanta sun motsa, sau ɗaya ko sau biyu, amma ba sauti. Sannan ta ɗaga yatsa alamar in kashe.

Ranar Juma'a da safe, bayan na ba ta kunu cokali uku, ta ce ya isa. Na kai kofin kicin na dawo na tarar ta cika, fuskarta na kallon ƙofa. Mu muka yi mata wanka, ni da Maimuna. Othman da mazan unguwa suka tafi da ita Makka, aka sallace ta a Harami bayan Juma'a, kamar yadda ta daɗe tana roƙo.

Da na kira Rafi'u yana wurin aiki. Ya shige ɗakin ajiye zannuwan gado ya yi kukansa a can, ya wanke fuska ya fito ya ƙarasa ba wata tsohuwa abincin rana. Ba shi da bakin neman hutun makoki, don a wurinsu ya yi wannan rashin tun shekara tara. Na tura masa saƙon.

Bayan la'asar, daidai lokacin da ya saba, wayar ta yi ƙara. Ina ɗakinta ina naɗe tabarmi, mata sun ɗan ragu.

"Yaya, saƙon ya yanke. Ki sake turowa."

"Bai yanke ba."

"Akwai daƙiƙa goma sha huɗu a ƙarshe, ba a jin komai."

"Haka yake."

"Ba ta ce komai ba?"

Ƙarya ɗaya ce tak, kuma a bakina take. Da na faɗa da ya yi barci a daren. Amma na tuna matar da ta yi shekara tara tana cin irin wannan tausayin.

"Bakinta ya motsa," na ce. "Ban ji abin da ta ce ba. Wallahi ban ji ba, Rafi'u."

"Sunana ne?"

"Ban sani ba."

Ya ce ya sa abin a kunne ya ƙure ƙara, ya saurara ya fi sau ashirin, ba ya jin komai sai na'urar sanyaya ɗaki.  Bai kashe ba. A ƙarshe ni na kashe.

Na tashi zan rufe ɗakin sai na ga rigar a bayan ƙofa. Na sa hannu a aljihunta, na ciro ƴar ambulan ta gidan hoto. Hotuna shida ne ƙanana, duk fuska ɗaya, ɗankwalin a gyare, ta dage ba ta yi murmushi ba saboda mai hoton ya ce Turawa ba sa so. Na mayar da su inda suke. Na ja zif ɗin har wuya, na kashe na'urar, na jawo ƙofa.