Ƙafafun Rumfar Barmo

Shekara uku rumfar Barmo tana ɗaukar damin harawa tamanin, ko motsi ba ta taɓa yi ba. Ƙafafunta bututun ƙarfe ne guda huɗu da ya samo wajen masu tsofaffin ƙarafa a Malbaza. Ƙarƙashinta yake ɗaure jakinsa, wanda ke ja masa amalanke daga Bazaga zuwa Konni. Da jakin nan gidan ke ci, kuma ba shi da wani.

Abin da ya dame shi raƙuman makiyaya ne. In sun biyo ta bayan darni sai su miƙo wuya su yi ta figar harawar. Sai ya tumɓuke ƙafafun ya kai wa Iliyasu mai walda, ya ce a ninka tsawon kowacce.

Iliyasu ya ce zai ninka, amma sai an gitta wasu ƙarafa tsakani. Ya karyo guntun kara ya danna da tafin hannu, karan ya tsaya ƙyam. Ya ɗauko dogo ya danna, ya lanƙwashe. Barmo ya ce shi ƙarfe ya kawo ba kara ba, kuma nauyin bara shi ne na bana.

"Malam Barmo, ƙarfen dai shi ne, tsawon ne ba shi ba."

"Kai dai liƙa mani, maƙerin zamani."

Iliyasu ya liƙa masa, Barmo ya koma gida ya sake kafa rumfar.

Da aka gama roron wake, Barmo ya hau tsani, matarsa Saude tana miƙo masa dami. Da ya ɗora ashirin ya sauko ya girgiza ƙafar rumfar ɗaya, daram. A arba'in ya sake dubawa, haka. Saude ta ce ko a kwance jakin tukuna. Ya ce rana ta take, a bar shi ya sha inuwa.

Hamsin da ɗaya lafiya lau. Na hamsin da biyu bai fi sauran nauyi ba. Yana ajiye shi ƙafar gabas ta tanƙware a tsakiya kamar gwiwa, ukun suka bi ta. Barmo ya faɗi kan harawa, ko ƙwarzane bai yi ba.

Da suka yaye dammunan suka tarar jakin na numfashi, amma bayansa ya karye. Ya yunƙura da ƙafafun gaba sau biyu, ya haƙura.

Saude ta tambayi Barmo zancen kayan mutane da ya ce zai kai kasuwar Konni ran Laraba. Ya ce ta aika musu su nemi wani.