Ba Ya Barin Hannuna

"Fita! Na ce ki fita, ke da baƙuwar taki!"

Hamama ba ta fita ba. Ta ajiye kwanon miyar ƙafar saniya a gefen gado, ta zuba hulba a kai, ta jawo kujera ta zauna daram. Baƙuwar ce ta ja da baya har bakin ƙofa, rungume da jakar kyamara kamar wadda aka kama da kayan sata.

"Shigo, 'yata, ba ya cizo," in ji Hamama. "Haƙoran ma ga su can cikin kofi."

Mori Sa'adya, tsohon malamin unguwar, ya ƙara ƙanƙame littafin da ke kan ƙirjinsa. Ciwo ya cinye shi, ba abin da ya rage sai gemu da idanu da baƙin taurin kai. Fiye da shekara arba'in katanga ɗaya ce tsakanin gidansa da na Hamama a garin Rosh Ha'ayin, inda aka zaunar da su bayan ƙaura, kuma babu abin da ba su yi faɗa a kansa ba, daga kajinta masu tone masa ɗoɗɗoya har bishiyarsa mai zubar mata da ganye a tsakar gida. Ƙauye ɗaya suka fito a duwatsun Yaman, shi yana saurayi, ita tana yarinya. Yanzu duk mutanen ƙauyen sun rasu sai su biyu, shi ya sa babu mai ragar wa wani.

Littafin nan Attaura ce da aka rubuta da hannu a kan fata, tun zamanin da ko kakan kakansa bai sani ba. Baƙuwar, Dakta Tirza daga wata jami'a a Urushalima, ta taɓa ganin shafi ɗaya kacal, kuma tun ranar ba ta sake samun sukuni ba. Ta ce wasullansa a saman haruffa suke, irin na mutanen Babila na dā, kuma irinsa da suka rage a duniya ba su da yawa. Amma fatar ta tsufa, gefenta na marmashewa. A al'adarsu, littafi mai ɗauke da sunan Ubangiji in ya ƙare ba a jefar da shi, ba a ƙona shi, binne shi ake yi cikin tulun ƙasa kusa da malami. Mori ya riga ya sa ɗansa Rahamim ya sayo tulun, yana nan ƙarƙashin gado.

"Mori, aro kawai nake roƙo," Dakta ta ce a hankali. "Mu ɗauki hotonsa, mu dawo maka da shi."

"Aro!" Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Kin ji, Hamama? Haka suka ce mana a sansanin 'yan ƙaura kafin mu hau jirgin sama mu baro Yaman. Wai littattafai sun yi nauyi, mu bari, za su biyo mu ta ruwa. Na ubana, na kawuna, na majami'armu kaf. Har yau jirgin ruwan bai iso ba. Wannan a ciki na ɗaure shi ƙarƙashin riga, suka ɗauka ciwon kumburi gare ni. Ba ya barin hannuna. Ina shiga ƙasa yana shiga."

Hamama ta san gaskiya ya faɗa, kuma abin ya yi mata ciwo. Sai dai ita ma tana da nata a cikin littafin nan. A ƙauye shi kaɗai ne littafin koyar da yara. Maza su kewaye shi a ƙasa, ita kuwa, da yake ba a koya wa mata, sai ta kawo musu ruwa ta tsaya daga can gaba, tana ganin haruffan kai a ƙasa. Wata rana ƙaninta Awad ya kifar da kofin shayin ɓawon gahawa a kan wani shafi can wajen ƙarshe. Awad ya mutu a hanyar Adan lokacin ƙaura, an binne shi a inda ba wanda zai iya nunawa. Ba hoto, ba kabari. Tabon nan ne kawai abin da ya bari a duniya, kuma Hamama ta ƙudurta ba za a binne shi karo na biyu ba.

"To, tsoho, wa ya ce ya bar hannunka?" ta ce. "Riƙe abinka. Kai ka buɗe, ita ta ɗauka. Ko hannun ma ya mutu ne?"

Ya harare ta. Ya harari Dakta. Can ya ce, "Ba za ta taɓa ba?"

"Ko da farce."

"Kuma daga farko za a fara. A jere."

"A fara daga wajen ƙarshe mana, tunda..."

"Attaura ce, ba kasuwa ba ce da za ki tsallake layi. A jere, ko a bari."

Haka aka fara. Kowace safiya Hamama ta zo ta tashe shi zaune, ta tokare shi da matasai, ta ɗura masa miya ko yana so ko ba ya so. Dakta ta kafa kyamara a kan ƙafafu uku tana kallon ƙasa, Mori ya danne gefen shafi da manyan yatsunsa, a ɗauka, ya juya. Da aikin ya tsaya nan da an gama da wuri. Amma mutumin nan ba ya iya ganin shafi ya wuce shi shiru, sai ya rera shi da muryar ƙauyensu, yana kaɗa kai. Dakta ta ji daɗin wannan, ta kunna na'urar ɗaukar murya. Hamama kuwa ji take kamar ta shaƙe shi, domin tana ganin shafukan da suka rage da kauri, tana kuma ganin wuyan hannunsa yana ƙara sirancewa.

Rahamim ya tare ta a tsakar gida. "Inna Hamama, don Allah ku ƙyale Baba ya huta. Likita ya ce kada ya wahala."

"Yaushe rabon da ya cinye kwano guda kafin mu fara?"

Rahamim ya leƙa kwanon da ke hannunta, babu ko ɗigo.

"To ka gani. Ubanka in ba shi da abin yi wa gardama, mutuwa zai yi. Je ka sayo min lemun tsami."

Asabar, ranar hutunsu, ta zo aka rufe kyamara, ta wuce aka buɗe. Suka gama littafin Farawa, suka bi Musa ta cikin teku da hamada. Muryar Mori ta koma raɗa. Wata rana shafi kaɗan aka yi ya kife idanu. Hamama ta sake gwada sa'arta.

"Sa'adya, don girman Allah, mu tsallake."

"Na san abin da kike nema," ya ce ido a rufe. "Ki jira shi. Tabon yana nan inda ƙaninki ya zubar."

Ranar wata Juma'a da safe ta shigo ta tarar numfashinsa ya sauya. Ta ga irin wannan a wajen mijinta, ba ta buƙatar likita ya faɗa mata. Rahamim na tsaye a jikin taga yana karanta zabura. In tsohon ya cika yau, dole a binne shi kafin rana ta faɗi Asabar ta shiga, da shi da littafin. Dakta ta tsaya a ƙofa ta kasa shigowa.

"Kafa abinki," in ji Hamama.

"Inna, yau kuwa..."

"Na ce kafa."

Mori ya buɗe ido da kansa ya lalubo littafin. Aka ɗauki shafi ɗaya, aka ɗauki na biyu. A na uku hannunsa ya kama rawa, fatar na kaɗawa, Dakta ta duba ta girgiza kai, hoton bai fita ba. Aka sake, bai fita ba. Hamama ta haɗiye kukan da ya taso mata, don ta rantse ba zai ga hawayenta ba.

Sai ya ɗago ido ya dube ta. Ya daɗe yana dubanta.

"Ke tsohuwa. Zaman me kike yi? Kama gefe ɗaya."

Ba ta yi zaton ta ji daidai ba. Rahamim ya daina karatu, don ko shi bai taɓa riƙe littafin nan ba. Hamama ta goge hannunta a jikin zane, ta matso daga can gaba inda ta saba tsayawa tana yarinya, ta ɗora yatsanta mai lalle a gefen fatar. Laushinta ya ba ta mamaki. Suka juya tare, suka sake juyawa, sai ga shi. Tabo ne ruwan ƙasa, faɗin tafin hannun yaro, ya cinye layi huɗu.

"Awad ya zubar," Mori ya ce da ƙyar, "ni aka zane. Na ce ni ne, don ya cika ƙanƙanta." Bakinsa ya ɗan motsa. "Har yau ba ki yi min godiya ba."

"Sai yau ka faɗa min, mugu?"

"Ɗauka, 'yata," ya ce wa Dakta.

Kyamara ta yi ƙara. Mori ya ƙara shafi biyu, a na ukun yatsansa ya zame daga kan fatar ya sauka a kan bargo. Rahamim ya duƙa ya karanta masa kalmar kaɗaita Ubangiji a kunne, ya rufe masa ido, ya buɗe taga.

Kafin a jima gida ya cika. Aka lulluɓe madubi, masu wankan gawa suka shigo suka kori mata. Hamama ta fita da littafin a ƙirjinta, ta zagaya katanga ta shiga tsakar gidanta, ta kore kaji daga kan tebur.

"Kafa nan," ta ce wa Dakta, wadda kuka ya hana ta ganin maɓalli. "Share idonki. Kya yi kukan gobe."

Hamama tana danne fatar, ana ɗauka, tana juyawa. Ta can bayan katanga ana jin zubar ruwa da muryoyin maza. Da rana ta karkata Rahamim ya shigo da tulun a hannu.

"Inna, an gama shirya shi. Rana tana tafiya."

"Na ga rana. Tsaya nan."

"Mutane na jira a ƙofa."

"Ubanka ya sa ni jira har ya kusa kashe ni. Su ma su ɗan taɓa."

Ya tsaya. Da aka ɗauki shafin ƙarshe, inda Musa ya hau dutse bai dawo ba, Hamama ta rufe littafin. Dakta ta kama hannunta.

"Inna, yanzu a hannunki yake. In kin ce a ajiye shi, Rahamim ba zai musa miki ba. Akwai ɗakin da zai ƙara ɗaruruwan shekaru bai lalace ba."

Hamama ta so ta ce to. Ta so ƙwarai. Ta dubi katangar da suka yi rabin rayuwarsu suna zage-zage ta kanta.

"Gefe ɗaya ya ce in kama," ta ce. "Ɗaya gefen nasa ne."

Da hannunta ta naɗe shi cikin farin ƙyalle, ta zura shi a tulu, ta miƙa wa Rahamim.

Bayan an share zaman makoki, Dakta ta dawo da hotunan an buga su an ɗinke. Ta sami Hamama a tsakar gida tana tsince wake, ganyen bishiyar Mori ya cika ƙasa ba a share ba. Hamama ta karɓa ta ɗora a cinya kai a ƙasa. Dakta ta miƙo hannu za ta juya mata.

"Bar shi. Haka na san shi."

Ta yi ta buɗewa. Kowane shafi da manyan yatsu biyu na tsoho a gefensa, farcen ya yi rawaya. Can wajen ƙarshe ta tsaya. Tabon yana tsakiya, yatsansa a gefe ɗaya, nata mai lalle a ɗayan. Wata kaza ta yi tsalle ta haye katanga ta faɗa cikin ɗoɗɗoyar Mori, ta kama tono. Ba wanda ya yi ihu.