Bashira Ta Saki Gora

Tun da Bashira ta dawo Haɗeja da ciwon gwiwa, zama ya gagare ta. Ta share tsakar gida sau uku, ta goge lambobin zinaren da ta ciyo a gasar tsalle da sanda, ta zuba su a akwati, ta sake fito da su. Mahaifiyarta ta ce, "Ke, kin ishe ni da safa da marwa! Bi babanki fadama."

A fadamar nan ta koyi tsalle. Manoman shinkafa kan kafa doguwar gora a tsakiyar rafi su haure, kuma dokar mahaifinta, Malam Badamasi, ɗaya ce: ba a sakin gora, don da ita za a dawo. Dokar ce ta kayar da ita a gasarta ta farko a Kano. Sai da kocinta ya shekara yana mata tsawa kafin hannunta ya yarda ya saki.

Da ta ga rafin ya cika, ƙafarta ta hau ƙaiƙayi. Ta karɓi gorar tsohon, ta ja da baya, ta sheƙo, ta kafa, ta yi sama. Tana dira a tsallake ta ga hannuwanta wayam. Gora kuwa ruwa ya yi gaba da ita.

Malam Badamasi ya raka gorar da ido, sannan ya dube ta.

Ya ce, "To, gwarzuwa, sai ki dawo mu gani."