Ɓerayen Farfesa

Farin ɓeran da ke layin ƙarshe ya gaji. Ƙafafunsa suka kasa bin bel ɗin, injin gudu ya jawo shi baya har wutsiyarsa ta taɓa ƙarfen da ke ɗauke da lantarki. Ya saki wata 'yar ƙara siririya, ya zabura ya ci gaba da gudu. Auta ta rintse ido. Duk daɗewar da ta yi a wannan aiki, har yau ƙarar nan tana tsaya mata a rai.

A aljihun farar rigarta waya sai kakkarwa take yi. Ba sai ta duba ba, ta san Yaya ne, babban wanta.

"In kika ɗaga wayar nan, ki haɗa da jakarki."

Farfesa ne tsaye a bakin ƙofa, ƙamshin turarensa na kokawa da zarnin keji. Ba ya ɗaga murya. A hankali yake magana, kamar mai yi wa jariri wasa, shi ya sa baƙi ke cewa ba su taɓa ganin mutum mai sanyin hali irinsa ba.

Binciken digirinta na biyu ke nan: a sa ɓeraye gudu kowace safiya har tsawon makonni, sannan a ɗebi jininsu a auna sinadarin firgici, a ga ko jiki na sabawa da wahala. In aka tsallake yini guda, aiki ya ɓaci, sai a kawo sababbin ɓeraye a faro daga tushe. Ta riga ta faro har sau biyu. Na farko Farfesa ya tura ta ta tsaya a kan magina a sabon gidansa. Na biyu kuma matarsa ce ke neman mai riƙe mata jaka a kasuwa. 'Yan ajinsu duk sun gama sun watse, ita tana nan tana kwasar kashin ɓera.

"Ranka ya daɗe, jikin mahaifiyata ne ya ƙara tsanani. Da za ka bari wani ya riƙe mini gobe..."

"Ni ma uwa ce ta haife ni," ya ce yana murmushi. "Amma ɓera bai san uwarki na kwance ba. In kin gama, ki biya gida, akwai guga."

* * *

Rana ta yi sanyi kafin ta isa gida. Ɗakin Umma ya cika da warin man zafi da na katifar roba. Tun da ɓarin jikinta ya shanye, matar Yaya ce ke juya ta, ta wanke ta, ta ba ta abinci a baki. Matar na ganin Auta, sai ta dire kwano da ƙarfi.

"Sannu da zuwa, likitar ɓeraye. Don Allah a wanke hannu kafin a taɓa mana marar lafiya."

Yaya na zaune a bakin gado da kayan waldarsa, idanunsa jajur saboda wuta da gajiya.

"Kira nawa na yi miki?"

"Yaya, ba a barin mu ɗaga waya a..."

"Ta suma yau da safe. Ni da wannan baiwar Allah muka yi ta fama. Ke kina can kina koya wa ɓera tsere. In banda lalacewa, ɓeran da ko tsintsiya ya gani gudu yake, shi ne sai an yi masa makaranta?"

"Saura kaɗan na gama. In na bari yanzu, shekarun nan duk sun tafi a banza."

"To ki kai ƙarar mutumin nan mana! Baiwa ce ke?"

"Wajen wa? Shi ne shugaban waɗanda ake kai wa ƙarar."

Yaya ya yi tsaki ya fice. Auta ta wanke hannu, ta durƙusa a gefen gado. Umma ce ta tsaya mata lokacin da dangi suka ce karatun ya isa haka. Yanzu bakin ya karkace, magana ba ta fita sai gurnani. Ta lalubo wuyan hannun 'yarta da hannun da ke motsi, ta riƙe gam. Auta ta kasa gane ko cewa take ki daure, ko kuwa kada ki tafi.

* * *

Ranar ɗibar jini ta zo. Ɓerayen na saukowa daga inji ake kama su ɗaya bayan ɗaya, domin in aka yi jinkiri sinadarin zai sauka, awon ya tashi a banza. Auta ta sa safar hannu, ta jera kwalabe a cikin ƙanƙara. Ta wuce rabi ke nan ta ji hayaniya a baranda.

Yaya ne, ya ture mai gadi ya shigo har ƙofar ɗakin gwaji.

"Fito mu tafi. Mun kai ta asibiti, numfashi take ja."

Farfesa ya fito daga ofishinsa, ya dubi Yaya daga takalmi zuwa kai.

"Malam, nan ba gareji ba ne. Ihunka zai tayar wa dabbobina hankali, ya ɓata mini sakamako."

"Dabbobinka? Uwarmu ce ke mutuwa, kana yi mini zancen dabbobi? Wallahi ba don furfurarka ba..."

"Ƙarasa mana. Akwai masu gadi, akwai 'yan sanda." Ya juya ga Auta, muryarsa ta ƙara laushi. "Ni ban ɗaure ki ba. Ƙofa a buɗe take. Amma in kika ajiye sirinjin nan, kada ki sake tunanin zan sa miki hannu a kan komai."

Ɓeran da ke hannunta yana numfashi da sauri, tana jin bugun zuciyarsa ta cikin safar. Ta dubi kejin da suka rage. Ba su da yawa. Ta tuna guga da kasuwa da magina, ta tuna fuskar Umma ranar da aka ɗauke ta karatun nan.

"Yaya, ka yi gaba. Yanzun nan zan biyo ka."

Ya daɗe yana kallonta kamar bai taɓa ganinta ba. Sannan ya juya.

Cikin gaggawa ta ƙarasa. Sau da yawa allura ta kuskure jijiya. Da ta rufe firiza a kan kwalba ta ƙarshe, sai ga Farfesa yana miƙo mata makullin mota.

"Yara sun tashi daga makaranta. Ki sauke su gida, sai ki wuce asibitin."

Ta kalli makullin. Ta karɓa, ta ajiye shi a kan tebur kusa da kwandon shara, ta fita da gudu ko farar rigar ba ta tuɓe ba.

A asibiti ta tarar da wata ma'aikaciyar jinya tana yaye zanen gado. Matar Yaya na zaune a ƙasa ta rufe fuska. Yaya na jingine da bango, bai ɗago ba.

"Sun gama gudun?" ya ce.

* * *

Bayan an watse daga zaman makoki, gidan ya koma mata kamar gidan haya. Yaya kan amsa gaisuwarta da ka. Matarsa kan zuba mata abinci ta ture da ƙafa zuwa bakin ƙofa. Auta ta ce a ranta, aƙalla jinin ɓerayen na nan a firiza, a bar ta ta ƙarasa abin da ta sayar da komai dominsa.

Da ta koma, ta tarar an canza kwaɗon firiza.

"Allah ya jiƙan mamaciya," in ji Farfesa, yana duba wayarsa. "Amma ɗalibar da za ta bar mini 'ya'ya a bakin makaranta cikin rana ba ta san amana ba. Na ba wani aikin, yaro mai ladabi, ɗan ƙanwata. Ke in kin ba da haƙuri a gaban malaman sashe, ma duba miki wasu ɓerayen baɗi."

"Ranka ya daɗe, jinin nan ni na ɗiba. Ranar da..."

"Ɓerayen na wa? Injin na wa? Ja mini ƙofar in kin fita."

Ta zaga ofis-ofis. Kowa ya saurare ta da tausayi, kowa ya ce ta yi haƙuri ta lallaɓa shi, ai babba ne. Wata malama ma ta rufe ƙofa ta raɗa mata cewa ita ma haka ta sha a hannunsa, ga ta yau.

Bayan wasu watanni aka yi taron baje kolin bincike a harabar sashen. Auta ta zo neman wani malami da aka ce wataƙila ya karɓe ta. A baranda ta ga jama'a sun taru gaban wani ƙaton allo mai sheƙi. Sakamakonta ne, jadawali bayan jadawali. A sama an rubuta sunan Farfesa da na ɗan ƙanwarsa. A tsakiya akwai hoton farin ɓera riƙe a hannu mai safa, an yanke hoton daidai wuyan hannu. Ta gane bakin hannun rigarta, da inda ta taɓa ɗinke shi da baƙin zare.

Ta tsaya tana kallo har mai ɗaukar hoto ya taɓa mata jaka. Farfesa da yaron sun gyara tsayuwa a gaban allon, an miƙo musu kambun yabo.

"Baiwar Allah, ɗan matsa mana, kina shiga hoton."

Ta matsa.