Mai Tsaya wa Madam Sarlat

"Ɗan juya hagu," in ji Madam Sarlat daga bakin ƙofa. "Haɓar za ki ɗaga, ba kafaɗa ba. Ke dai Ginette, kin tsaya kamar buhun dankali."

Ina tsaye a tsakiyar kicin ɗinta, ƙafafuna a kan wata alama da aka zana da alli a daɓe, tukunyar miyar albasa tana ƙona mini hannu ta cikin tsumma. Ni da jikokina, ni da na ƙare ƙuruciyata ina sayar da cuku a kasuwar Joinville ba wanda ya isa ya ce mini matsa, yau ni ake juyawa. Ta ƙanƙance ido tana duba yadda hasken taga ya sauka a kumatuna. Da ta gamsu sai ta ce in kauce, ta tako a hankali ta tsaya daidai inda na tashi, sannan ta zauna ta sha miyar.

Duk wanda ya girma a unguwarmu ya san fuskar Edmée Sarlat. Zamanin finafinan baƙi da fari, lokacin da gidajen ɗaukar fim na bakin kogi suke cike maƙil, ita ce matar da maza suke haukacewa a kanta a majigi. Uwata ta taɓa aske girarta kaf don ta zana irin tata, ubana ya daɗe bai yi mata magana ba. Sai ga shi na yi aure na tare a hawa na uku, ƙofata tana kallon tata.

Ba ita kaɗai take zaune ba, akwai Fernande. A sana'arsu tauraruwa ba ta tsayawa ƙarƙashin fitilu masu zafi ana gyara su. Ana nemo wata mai tsawonta da kalar fatarta da irin gashinta, a tsayar da ita a kan alamar alli har mai fitila ya gama saiti, sannan a kira tauraruwar ta shigo hasken da aka shirya mata. Wannan shi ne aikin Fernande tun suna 'yanmata. Da aka daina kiran Madam fim, Fernande ba ta daina ba. Ita take fara shiga shagon burodi, ita take fara zama a kujerar likita, ko bencin coci sai ta zauna ta tashi kafin Madam ta zauna. Mu maƙwabta mun sha dariya a bayan idonsu. Mijina Armand yana cewa ran da Madam za ta mutu ma sai Fernande ta fara leƙa mata ramin.

Fernande ta rasu da kaka, tana tsotsar alewar na'ana'ar da ba ta rabo da ita. Armand bai sake yin wannan barkwancin ba.

Madam ba ta je jana'iza ba, ba ta kuma yi kuka ba. Da na shiga yi mata gaisuwa sai ta ce mini Fernande ta yi gaba ne kawai, ana gyaran fitila, in an gama za a kira ta. Daga ranar ta ƙi ƙetare ƙofar ɗakin kwananta. Ƙafafunta lafiya lau, amma ba mai riga ta shiga ko'ina. Abinci yana kicin tana zaune da yunwa.

Sai ɗan wanta Thierry ya zo daga Lyon, mutum mai ƙaton agogo da yake yawan dubawa. Ba mugu ba ne, gaskiya, gajiya ce ta yi masa yawa. A bakin bene ya faɗa mini cewa zai kawo likita ƙarshen wata. In likitan ya ga Gwaggo ba ta iya zagaya gidanta da ƙafarta, to gidan tsofaffi za a kai ta, ya ma samo gurbi. Madam tana jin mu ta cikin ƙofa. Bayan ya tafi ta riƙe mini hannu, yatsunta sanyi ƙalau, ta ce ta taɓa ziyartar wata ƙawarta a irin gidan nan. Doguwar farar fitila ce a saman kowa, dare da rana, tana zubo haske daga bisa kamar ana duba nama. Ta ce in a ƙarƙashinta za ta mutu, gara a jefa ta kogi.

Tausayinta ya kama ni, haushinta ma ya kama ni, don na san inda maganar za ta ƙare. Haka na zama mai tsaya wa Madam Sarlat.

Da farko tsofaffin alamomin Fernande nake bi, sun dushe amma ana ganinsu. Sai wata safiya na tarar da sabuwa a gaban murhu, fara tas, garin allin ma bai share ba. Na ɗauka Madam ce. Amma matar da ba ta iya sunkuyawa ta ɗaure takalminta? Na tambaye ta, ta dube ni kamar na tambayi wanda yake fito da rana. Ta ce lokacin kaka ya yi nisa, hasken ya matsa, dole alama ta matsa. Mabuɗin gidan kuwa daga nata sai nawa. Na birkice aljihunan tebur da kwanduna ban ga ko guntun alli ba.

Armand ya ce tsufa ne ya fara taɓa ni, in bar gidan mutane. Na ce masa ya ji da jaridarsa. Amma Allah ya sani, tsoro nake ji. Wani lokaci ina tsaye a kan alamar sai ƙanshin na'ana'a ya bugi hancina, kusa sosai, kamar wani yana numfashi a gefen kunnena. Ran nan ina tsaye a zauren shiga, Madam ta yamutsa fuska ta ce in ɗan matsa, wai na tsaya mata a kan ƙafa. Ita kuwa tana can nesa, a bakin ɗakinta. Na matsa, gashin jikina duk ya miƙe.

Duk da haka abin yana tafiya. Ta koma cin abinci, har ta fara ba ni labarin daraktan da ya taɓa sa ta kuka na gaske ta hanyar ce mata karenta ya mutu. Damuwata ɗaya ce. In likita ya ga sai na shige gaba take takowa, ai mahaukaciya zai rubuta, gidan tsofaffin dai ba fashi. Na roƙe ta, na yi mata faɗa, na ce taku kaɗan ne daga ɗaki zuwa falo, ta daure ta yi ita kaɗai. Ta ce a rayuwarta ba ta taɓa shiga hasken da ba a gwada ba, ba kuma za ta fara da tsufa don wani likita ba.

Ranar da za su zo na shiga da hantsi. Na tarar da ita zaune a bakin gado, ta sa wata rigar siliki mai ruwan toka, ta yi hoda, ta zana girar nan da uwata ta kasa kwaikwaya. An ja kujerar falo mai nauyi zuwa gaban taga, kujerar da ni da Armand muke haɗuwa kafin mu ɗaga ta. A ƙarƙashinta ga sabuwar alama.

Na nufi kujerar zan zauna mata kamar kullum.

"A'a, 'yar nan," in ji ta. "Yau ba ke ba. An riga an tsaya mini."

Na dafa matashin kujerar don in gyara shi. Da ɗumi yake, ɗumin jikin mutum, ya ɗan lotsa a tsakiya, alhali rana ba ta kai wurin ba tukuna. Na janye hannuna na koma jikin bango.

A daidai lokacin Thierry ya turo ƙofa, likita yana bayansa da jaka. Madam ta miƙe. Ba sanda, ba mai riƙe ta, ba kowa a gabanta. Ta ratsa zauren kai a sama, ta wuce su kamar ba ta gan su ba, silikin yana shafar daɓe. Ta zauna, ta juya kuncinta na hagu wajen taga, sai ga rana ta ƙetaro rufin gidan da yake kallonmu ta sauka mata a fuska.

Thierry ya saki baki. Ya juya wajen likita yana dariya, yana cewa ashe wahalar banza ya ba shi, dubi yadda take tafiya. Likitan ma ya yi murmushi, ya ce a ganinsa Madam ba inda za ta, ta yi zamanta a gidanta.

"Kin ji ko, Gwaggo?" in ji Thierry. "Kin ci nasara."

Ba ta amsa ba. Likita ya matsa ya gaishe ta, ya kama hannunta, ya daɗe yana riƙe da shi. Sannan ya ajiye mata shi a cinya a hankali, ya cire hularsa.

Thierry ya zauna a ƙasa yana kuka kamar yaro. Ni hawayen ma sun ƙi zuwa. Can ya ɗago ya ce in taimaka in rufe tagogin katako, yadda ake yi in an yi rasuwa. Na je na rufe ta ɗaki da ta kicin. Da na zo kan tagar falo na kama murfin da hannu biyu, sai na tsaya. Na jira har rana ta zame daga kuncinta zuwa kunne, ta bi ta kan gashinta ta hau bango, sannan na ja.