Takin Gidan Kaiarake

A duk tsibirin Abaiang, can tsakiyar tekun Pasifik, babu ramin gwaza kamar na tsoho Kaiarake. Tasa idan aka tono ta, sai ƙarti biyu sun kama. Ba tsafi ba ne, taki ne. Zai saƙa kwando da ganyen kwakwa ya kewaye gindin shukar, ya cika shi da ganyaye da baƙar ƙasa, ya bar su su ruɓe. Wane ganye, wanne a ƙasa, wanne a sama, nan sirrin yake. Kowane gida da nasa haɗin, uba ke raɗa wa ɗa a bakin rami, su biyu rak.

To shi wa zai raɗa wa? Ɗansa tilo, Bwenawa, shekara tara ke nan yana aiki a wata mayanka a Ostireliya. Kullum "ina nan tafe bana", bana ta wuce shiru. Gwiwoyin tsohon kuwa sun fara gardama, in ya sauka rami fitowa sai da rarrafe. Yana kewar yaron nan, kewa mai hana cin abinci, amma ko za a yanka shi ba zai faɗa ba.

"Ka gaya mini mana," in ji Tokataake, ƙanwar marigayiya matarsa, wadda ba ta gajiya da tsokanarsa. "Ko kabari za ka kai haɗin? Can ai kai ne takin."

"Ke da bakinki kamar kwando marar gindi? Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba."

Ran Asabar da hantsi aka aiko cewa Bwenawa na kan waya. Wuri ɗaya ake samun sabis a ƙauyen, gaban rumfar taro, kuma ranar mata sun cika wurin suna saƙar tabarma. Kaiarake ya ɗingisa ya je. Kunnensa ya yi nauyi, dole aka saki muryar wayar kowa na ji.

"Baba, bana ma ba zai yiwu ba, ba su ba ni hutu ba," in ji Bwenawa. "Amma ka san me? Na haɗa akwatin taki a bayan gida. Katakon da aka zubar na kwaso, na buga gefe huɗu, na bar 'yan kafofi don iska. Jikarka ce ta matsa sai mun shuka kabewa. Me zan zuba, Baba? Irin naka nake so."

Hannuwan mata suka tsaya cak. Tokataake har da gyara zama, ja'ira!

Shekara tara tsohon yana jiran wannan tambaya. A bakin rami ya so ya ji ta, yaron na tsugune kusa da shi, ga ta ta zo masa a tsakiyar taron mata. Ya buɗe baki zai ce a bari sai an zo. Sai an zo yaushe? Ya gyara murya.

Ya faɗa, tas. Busasshen ganyen bishiyar uri a ƙasa, na bishiyar ren a kansa, sannan baƙar ƙasa. Ganyen tsiron da suke kira kaura a shanya shi kwana uku kafin a zuba, in ba haka ba ya ƙone saiwa. Da ƙarfi ya faɗa kuwa, don mai nauyin kunne bai iya raɗa ba. Abin da kaka da kakanni suka ɓoye ya zube a kunnen mata goma sha biyu.



"Baba... ko ɗaya babu a nan."

"Ko uri?"

"Ko uri. Ciyawar da na yanke ce kawai, sai ɓawon ayaba da ganyen shayi."

Tokataake ta sunkuyar da kai kan tabarmarta. Babu wadda ta yi dariya.

"To zuba su, ɗana," in ji tsohon a hankali. "Ka riƙa juyawa da hannunka, kar ka sa shebur. Bayan wata biyu ka ɗebo ka shinshina. In ya yi ƙamshin raminmu bayan ruwan sama, ya nuna."

Ya ji numfashin yaron, ya ji wata 'yar murya a can nesa tana kiran babanta da Turanci.

"Baba," in ji Bwenawa, "na manta ƙamshin."

Kaiarake ya riƙe wayar da hannu biyu. Ƙasar ramin na nan danƙare a ƙarƙashin faratansa, ya rasa ta yadda zai miƙa masa.